Ruwa Na Cin Dutse, Ko Kun Ƙi Ko Kun So

Ku gyara zama, masu gardama, yau da ku nake. Magana ɗaya na kawo, kuma na san tun kafin in rufe bakina wani zai taɓe nasa: ruwan nan da kuke kurɓa a moɗa, da iskar nan da ke ɗage muku hula a kan acaɓa, su ne manyan masassaƙan duwatsun duniya. Ba su da gizago, ba su da guduma, amma babu dutsen da ya gagare su. Dutsen Zuma ma, da muke tinƙaho da shi a nan ƙasar Suleja, ya sha hannun ruwan, kuma har gobe bai sallame shi ba.

Na jiyo Alhaji daga can baya yana cewa, “To fa! Mutumin Iku ya fara. Ruwan da ko tsumma ba ya yagawa, shi ne zai ci dutse?” Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Bari in kai ka inda aikin ya fi sauri, wato bakin teku, inda ba sai an jira tattaɓa-kunne ya zo ya ba da labari ba.

A kudancin Ostireliya, a gaɓar jihar Biktoriya, akwai wasu ginshiƙan dutsen farar ƙasa da ke tsaye zar a cikin ruwa, wasu sun doshi mita 50. Turawa sun raɗa musu suna Hawariyawa Goma Sha Biyu, ko da yake in ka ƙirga sau goma ba za ka samu goma sha biyun ba. Ran 3 ga Yulin 2005, 'yan yawon buɗe ido na tsaye suna ɗaukar hoto, ɗaya daga cikin ginshiƙan ya durƙushe a gabansu, ya koma tulin ɓaraguzai. Akwai hoton kafin, akwai na bayan. Ba da nisa da wurin ba akwai wani dutse da ake kira Gadar Landan, saboda teku ta huda shi ƙofa biyu, mutane na takawa ta kai kamar gada. Ran 15 ga Janairun 1990 ɓangaren da ke haɗe da tudu ya rufta, ya bar mutum biyu tsuru-tsuru a kan ragowar, ruwa ta ko'ina, sai da aka kawo jirgi mai saukar ungulu aka kwashe su. Alhaji, waɗannan biyun kam ba ka isa ka ce musu ruwa ba ya cin dutse ba.

Kuma abin ba siddabaru ba ne. Kowane dutse, komai taurinsa, yana da tsaga. In igiyar ruwa ta taso ta maki gaɓa, sai ta danne iskar da ke cikin tsagar nan. Da ta ja baya, iskar ta kufce ta fito da ƙarfi, ta ɓanɓaro ɗan abin da ta samu. Kafin ka gama salati wata igiyar ta iso. Dare da rana, damina da rani, ba hutun Sallah, ba yajin aiki. Ruwan kuma ba hannu rabbana yake zuwa ba, yashi da tsakuwa yake ɗauke da su, da su yake jifa yana gurzar gindin gaɓar har ya yi mata ƙwarmi, sama ya rasa abin dogaro ya zubo. Ga gishiri: feshin teku ya shiga ƙananan kafofin dutse, rana ta busar da ruwan, gishirin ya daskare ya yi ƙwaya, ya riƙa tura dutsen ta ciki har ya marmashe. In dutsen farar ƙasa ne, ruwa narkar da shi ma yake yi sannu a hankali.

To inda ƙasa ta miƙa hanci cikin teku, nan ake shan duka ta gefe biyu. Tsagar dama ta zama kogo, ta hagu ta zama kogo, wata rana su haɗu a tsakiya, sai ga ƙofa mai bakan gizo. Ƙofar na faɗaɗa, rufinta na sirancewa, ran da ya gaji ya faɗo, sai a bar ginshiƙi shi kaɗai. Shi ma ana sassare masa ƙafa, ƙarshensa kututture wanda sai ruwa ya janye ake ganinsa. Duk wani kyakkyawan dutse da ka gani a kalanda yana tsaye cikin teku, a kan wannan layi yake, jiran nasa lokacin kawai yake yi. Na Legzira a Maroko ya rufta a Satumban 2016. Shuɗiyar Taga ta ƙasar Malta, wadda aka yi ta ɗaukar fina-finai a gindinta, guguwa ta kwashe ta ran 8 ga Maris 2017, da ƙofar da ginshiƙin duka. Ƙofar Darwin ta tsibiran Galapagos ta bi sahu a Mayun 2021.

Kai kuma Bakano, abokin wasana, na ga kana murmushin mugunta, wai duk labarin ƙasashen da ba wanda zai je ya tabbatar ne. To ka daure, gobe in ka je titin Beirut sayen waya, ka ƙarasa wurin ɗaya daga cikin Labanawan garinku ka tambaye shi duwatsun Rawsha. Suna nan a bakin tekun birnin Beirut na ainihi, manya guda biyu, babban da ƙofa a gindinsa har kwale-kwale na ratsawa. Zai ba ka labari har ka manta da cinikin da ya kawo ka, in dai Bakano na iya manta ciniki.

Allah gafarta Malam ya ɗaga hannu. Na san abin da zai ce: Allah ne ya halicci duwatsu yadda ya so. Malam, babu mai ja da wannan, ni ma a kan haka na kwana na tashi. Amma gero ma Allah ke fitar da shi, ba mu kuwa taɓa ganin ya fito ba tare da ruwa ya sauka ba. Sababi muke magana a kai, kuma a zaurenku muka fara jin kalmar. Saboda haka a yi mana afuwa mu ci gaba.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma wata Hajiya ce ta jefo ta: ina ruwan Suleja da teku? Mu da ko Legas sai mun wuni a mota? Hajiya, ranki ya daɗe, ruwanmu da ita har biyu. Na farko, in kin ji an ce tsawon Zuma mita 700 da wani abu, daga fuskar teku aka fara awon. Daga gindinsa inda masu gasa masara suke, kimanin mita 300 ne. Na biyu, ki leƙa kogin Iku a watan Agusta ki ga launinsa. Wannan jan da kike gani ba komai ba ne illa ƙasar Suleja da duwatsunta da aka niƙe, an ɗora wa ruwa, za shi da su Kwara, ya wuce Lakwaja, ya sauke a teku. Kowace damina sai mun aika wa teku kaya, ba ta taɓa ba mu ko tukuici ba.

A nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci. Wanda yake garin nan a Yulin 2017, ran da aka kwana ana ruwa, rafuka suka cika suka shiga unguwanni, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, ba ya bukatar in yi masa bayanin ƙarfin ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya yi wa bulo da siminti a dare ɗaya, shi yake yi wa dutse, sai dai can ba ya gaggawa.

Mu koma kan Zuma. Yawancinku kuna zaton tsirowa ya yi daga ƙasa, ko kuwa daga sama aka dire shi a bakin titin Kaduna zuwa Abuja don matafiya su samu abin nunawa da yatsa. Ko ɗaya. Zuma bai tsiro ba, ƙasar da ke kewaye da shi aka kwashe. Shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, bai kai ga fitowa fili ba, ya tsaya can ƙasa da nisan kilomitoci, ya huce a hankali ya daskare. Sai aka shiga kankare abin da ke bisansa. A ƙasa mai zafi da yawan ruwa irin tamu, ruwan sama na ɗauko ɗan tsami daga iska da ruɓaɓɓen ganye, ya tsiyaya cikin tsagogin dutsen da ke binne, ya riƙa ruɓar da shi tun yana ƙarƙashin ƙasa. E, dutse na ruɓewa. Duk mai haƙa rijiya a garin nan ya san wurin da zai iske dutse da kamanninsa da ƙyalƙyalinsa, amma in ya damƙa sai ya marmashe a hannu. Inda tsagogi suka yi yawa, ruɓewar ta yi zurfi. Inda dutsen ya zo a dunƙule, ba kafar shiga, ruwa ya kewaye shi ya wuce. Daga baya kogunan Iku da Tafa da Gurara da sauran 'yan'uwansu suka yi ta jidar ruɓaɓɓen, shekara bayan shekara, har ƙasa ta yi ƙasa, mai taurin kan ya bayyana. Haka Aso ya samu, haka Kufena ta Zariya, haka Kwatarkwashi. Yau da gobe ai ita ke sa allura ginin rijiya.

“To fuskar fa?” Yawwa, na san nan za ku tare ni. Idanu biyu, hanci, baki, duk wanda ya biyo ta Madalla ya gani. Wa ya zana, in ba mutanen ɓoye ba? Ni ba na raina abin da kakanni suka riƙe. Koro da Gbagyi sun girmama dutsen nan tun kafin Sarki Makau ya baro Zariya ya sauka Zuba, tun kafin Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, kuma dutsen da ya ba mutane mafaka lokacin yaƙi ya cancanci a sakaya shi. Amma in ana maganar wanda ya yi zanen, ga shi: dutsen da ya daɗe a danne ƙarƙashin nauyin ƙasa, in aka sauke masa nauyin sai ya saki jiki, bayansa ya riƙa tsagewa falle-falle. Rana ta gasa, dare ya sanyaya, ruwa ya shiga bayan fallen, wata rana ya suɓuce ya faɗo, ya bar gurbi. Gurbi ya riƙe inuwa da laima, ya ƙara zurfi. Baƙaƙen layukan nan kuma da ke gangarowa daga sama hanyoyin ruwan damina ne, inda gansakuka da danginta suka kama suka rine dutsen. Sauran aikin idonka ne ya ƙarasa. Ɗan Adam in ya ga ɗigo biyu da layi a ƙasansu, ya ga fuska ke nan, ko a gajimare ne ko a gaban tirela. Akwai gurabe da yawa a jikin Zuma da ba su yi kama da komai ba, ba wanda ya taɓa tsayar da mota dominsu.

Wutar da ake cewa tana kamawa a kansa da damina kuwa, bayanin da wasu masana ke bayarwa shi ne ruwa ke jiƙa ƙarƙashin manyan falle, su zame, dutse ya gogi dutse da ƙara da tartsatsi. Wanda ya fi son na aljanu ya riƙe abinsa, ba zan ƙwace masa ba, amma kada ya tsaya a gindin wurin ana tsaka da ruwa don ya gwada ni.

Kada ɗan boko ya yi ta gyaɗa kai yana zaton yau ranarsa ce. Kai ma zo nan. Kai ne na ji kana gaya wa yara wai iskar hunturu ce ta sassaƙa Zuma. Ina ka samo wannan? Ƙurar da ke rufe mana gari daga Disamba, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, ta fi garin alkama laushi. Abin da ta iya shi ne ta fasa maka leɓe ta sa ka tari. Iska ba ta sassaƙa sai da yashi, yashi kuwa nauyi gare shi, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, da wuya ya wuce tsayin mutum. Shi ya sa a hamada za ka ga dutse da ƙaton kai da siririn gindi, an cinye ƙasan an bar saman. Can ne iska ke da sarauta, wajen Ayar da Tenere da Ennedi. A Ennedin ma, inda ƙofar Aloba ta kai wajen mita 120, ruwan da ya gudana a zamanin da Sahara ke da dausayi ya yi babban kaso na aikin kafin iska ta zo ta yi shara. A bakin teku kuma babban aikin iska shi ne ta tayar da igiyar ruwa ta aiko ta. Ita ce mai zuga, ruwa ne mai duka. In ka ba ta lambar yabon Zuma, ka zalunci damina.

Sai wani ya ce, to tunda haka ne, fuskar za ta goge ke nan wata rana? Ƙwarai kuwa. Kuma kada ku ce baki na yi mata. Mutanen jihar Niyu Hamsha ta Amurka suna da tasu fuskar a jikin tsauni, Tsohon Kan Dutse suke ce mata, haɓa da hanci da goshi sak na dattijo. Sun so ta har suka sa ta a lambar motocinsu, suka buga ta a jikin tsabar kuɗi a shekarar 2000, kamar yadda muka sa Zuma a bayan naira 100 a 1999. Shekara da shekaru suna ɗaure ta da sandunan ƙarfe, suna toshe tsagoginta kada ruwa ya shiga. Ran 3 ga Mayun 2003 gari ya waye, hazo ya yaye, babu tsoho babu dalilinsa. Nasu ruwan ƙanƙara yake zama a cikin tsaga ya buɗa ta, shi ya sa ya fi namu gaggawa. Tamu fuskar na da sauran kwana mai tsawo, ba a idonmu ba, ba a idon jikokinmu ba, in Allah ya yarda. Abin da ya riga ya faru dai shi ne takardar naira 100 ta cikar Nijeriya shekara ɗari, ta 2014, ta sauke Zuma ta ɗora masu rawa. Babban Banki ya riga damina.

Tunda an taɓo kuɗi, Alhaji, zaro naira 20 daga aljihu, in har yanzu kana ajiye irinta. Juya bayanta. Wannan baiwar Allah da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin nan a 1954, wadda Bature Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, lokacin Sarki Sulaimanu Barau, garin na amsa sunan Abuja. Cikin abubuwan da suka jawo Cardew nan har da kyawun yumɓu. Yumɓun nan kuwa daga ina? Shi ne dutsen da ya ruɓe. Cikin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi dutse irin na ƙasarmu, masu tauri kamar gilashi su ne ba sa ruɓewa, su ke zama yashin da tifa ke ɗiba a rafi. Farare da jajayen kuwa ruwa ke juyar da su su koma yumɓu. Wato tsohuwar naira 100 na ɗauke da dutsen da ya ƙi, naira 20 na ɗauke da wanda ya miƙa wuya. A ganina na biyun ya fi yi mana amfani: da shi aka yi randa da tulu da tukunyar miya, shi ya kai sunan wata mata daga Kwali har Landan. Zuma kuwa, ban da kwarjini da hoto, ko kofin shayi bai taɓa ba kowa ba. Ku yi mini rai, mutanen garinmu, gaskiya ce.

Wanda har yanzu yake son gani da ido, kada ya wahalar da kansa neman bizar Ostireliya. Ya hau motar Minna ya sauka a mararrabar Gurara, amma da rani, lokacin da ruwa ya ja baya. Da damina ruri da feshi kawai zai gani, ruwa na zubowa daga tsayin wajen mita 30. Da rani ne ake ganin aikin: falalen dutse ya yi sumul har yana zamar da takalmi, ga ramuka zagayayyu inda tsakuwa ta faɗa, ruwa ya yi ta juya ta a wuri ɗaya har ta haƙa wa kanta gida. Ka sa hannu ka shafa cikin ramin, sannan ka zo mu yi gardamar.

Saura Basakkwace, wanda tun ɗazu ya yi shiru yana jan carbi, wai shi duk wannan bai shafe shi ba, garinsu ba teku ba babban dutse. Yallaɓai, kai ne ma ka fi kowa shiga ciki. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take yau ya kwanta a kan ƙasarku. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake ƙonawa a yi siminti, a ƙarƙashin wannan ruwan ya taru, daga ɓawon halittun teku. A wajen Wurno da Dange an tono ƙasusuwan kifaye da kunkuru da kadoji na wancan zamani. Duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da ragowar dodon koɗin teku ya yi shafe. Na san yanzu za ka fara cewa ku mutanen gaɓa ne, a riƙa yi muku gaisuwar masunta.

Bakano ne kaɗai ya rage a tsaye, ya riƙe ƙugu, wai duk abin da za a faɗa a faɗa, Dala dai ba abin da ya taɓa ta, tun zamanin Barbushe take nan daram. Ɗan'uwa, Dala ma saura ce. Hular marmara mai tama ke kanta, ita ta kare abin da ke ƙarƙashi, ruwa ya kwashe na gefe, Gwauron Dutse ma haka. Bambancin kawai shi ne namu saurar mita 300 ne, taku kuwa yara na hawa su sauko kafin shayi ya huce. Da damina ka je gindinta ka ga abin da ke gangarowa cikin kwata, sannan ka lissafa, tunda lissafi dai ba a fi ku ba. In ka ga ta kusa ƙarewa ka aiko, ma sayar muku da ɗan ɓallin Zuma, kuɗi hannu, ba bashi.